Yadda ake zaɓen keke na hannu a gyara shi ya zauna daram

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 mutane suka koma keke sosai, amma wallahi yadda nake ganin wasu suna saye abin yana damuna, fenti kawai suke kallo.

Da farko ka tambayi kanka aikin me zai maka. In jarkokin ruwa ne ko buhun taki zuwa gona, ka nemi irin na da mai taya inci 28, su Phoenix na Sin ko Hero na Indiya, in ka dace da tsohon Raleigh na Ingila kar ma ka tsaya dogon ciniki. In kuwa makaranta ne ko wurin aiki kuma unguwarku akwai yashi da gargada, mai giya ɗan Beljiyam mai taya 26 ya fi.

Sai duba ƙarfen, nan fa ake cutar mutane. Ka tsuguna ka shafa duk mahaɗa da yatsa musamman wuyan keken da ƙasan sirdi, in ka ji tudun walda da ba irin na kamfani ba ko ka ga sabon fenti a wuri ɗaya tak to wataƙila ya taɓa karyewa, ka bar musu kayansu ko nawa suka rage. Ɗaga ƙafar gaba ka juya ta kana kallon gargaren, in yana rawa yana gogar birki ya lanƙwashe, ka matsa wayoyin bibbiyu ka ji ko akwai masu kwance. Ka girgiza feda gefe da gefe, in tana ƙwas ƙwas boris ya ci, wannan gyara ne mai sauƙi amma a rage maka kuɗinsa. Kuma ka hau ka zaga, kar kunya ta hana ka.

Kar ka ƙarar da kuɗinka duka wurin saye, ka rage na taya da tub da robar birki, don tsidau ba ya tausayin tsohuwar taya, kullum kana gun mai faci. Lambar girman tayar tana rubuce a gefenta, ita za ka duba in za ka sayi sabuwa.

Sirdi kuma ka ɗaga shi har sai diddigenka a kan feda tana ƙasa ƙafarka ta miƙe, rashin daidaita shi yana jawo ciwon gwiwa.

Kaca a daina zuba mata baƙin mai don Allah, lokacin hunturu ƙura yake kwasa ta cinye haƙoran, ɗan man keken ɗinki ya isa sai ka goge da tsumma.

Sai kariyar ɗora kaya mai ƙarfi, ƙararrawa, famfo da kwaɗo. Fitilar baya ja wadda ake caji ita ce ban yarda a bari ba, bayan magariba mai adaidaita ba ya ganinka sai ya zo dab da kai.