Yadda za ka koyi muryar 'yan katun daga bakin masu ita

Ka fara da rufe ido. Kunna tsohon katun na Bugs Bunny, ka juya wa allon baya, ka bar kunne ya yi aikinsa shi kaɗai. Muddin kana kallon zomo yana tsalle-tsalle, ba za ka ji mutumin da ke tsaye gaban makirufo ba. Ni sai da na yi haka na yarda cewa zomon nan, da agwagwa Daffy Duck, da alade Porky Pig, da ɗan tsuntsu Tweety, da kyanwa Sylvester, duk daga bakin mutum ɗaya suke fitowa: Mel Blanc, Ba'amurken da aka haifa a 1908, ya rasu a 1989.

Da kunnenka ya saba, sai ka nemi inda muryar take zaune. Kowace tana da mazauninta a jiki. Ta Bugs a hanci take. Ɗora yatsa biyu a karan hancinka ka yi magana. In ka ji wurin yana ɗan rawa, ka kama hanya. Ta Sylvester a bakin harshe take, harshen ya leƙo tsakanin haƙora, iska na fita da feshin yawu. Ta Mickey Mouse kuwa can sama take, siririya, kamar namiji na kwaikwayon ƙaramin yaro. Walt Disney da kansa ya riƙa yin ta tun farkon fitowar ɓeran har zuwa 1947.

Ga inda na sha wahala, kada kai ma ka sha. Na yi mako guda ina matse maƙogwaro don in kai tsinin muryar Tweety, har muryata ta dushe, ko sallama ba na iya ɗagawa. Ashe shi kansa Blanc bai taɓa kaiwa can da bakinsa ba. Ɗauka ake yi, sannan a ƙara wa faifan sauri, muryar ta ƙara tsini. Haka ma Daffy: kusan muryar Sylvester ce aka ƙara wa gudu. Saboda haka ka ɗauki taka a waya yadda ba za ka takura ba, ka ƙara mata sauri kaɗan, ka saurara. Ranar da na gwada, dariya na yi ta yi don murna.

Agwagwa Donald Duck sai ka yi haƙuri da shi. Clarence Nash, wanda ya riƙe muryar daga 1934 har tsawon shekara hamsin, ba da maƙogwaro yake yin ta ba. Iska ake tarawa a gefen kunci, a matso ta a hankali ta ratsa tsakanin kunci da haƙoran baya, baki kuma ya riƙa siffanta kalmomin. Farko ƙarar banza za ka ji, kamar an taka balan-balan. Kada ka nemi kalma tukuna. Riƙe ƙarar daƙiƙa uku, gobe biyar, sannan ka gwada wasali ɗaya. Tony Anselmo, wanda ya gaji muryar a 1985, a wurin Nash ɗin ya zauna ya koya, ba dare ɗaya ba.

Mata kuma kada su ce wannan fage na maza ne. June Foray ce ta yi muryar Rocky, kuregen nan mai tashi sama, Nancy Cartwright kuma ita ce muryar Bart Simpson, yaron nan na katun ɗin The Simpsons.

Amma abin da na fi so ka riƙe shi ne hali. Sauti kaɗai ba ya ɗaukar mutum nisa. Bugs ba ya gaggawa, don ya san shi zai yi nasara; Daffy kullum ji yake an cuce shi. In ba ka sa wannan a ranka ba, ko ka dace da sautin, fanko za a ji. A 1961 Blanc ya yi mummunan hatsarin mota, ya yi kusan mako biyu bai san inda kansa yake ba. Ana kiran sunansa, shiru. Sai likita ya tambayi lafiyar Bugs Bunny, ya kuwa amsa da muryar zomon. Duk lokacin da na tuna wannan sai tsigar jikina ta tashi.

To, ka zaɓi ɗan katun ɗaya tak. Ka ɗauki maganar da ba a taɓa sa masa a baki ba, ko da neman makullin da ya ɓata ne, ka faɗe ta yadda shi zai faɗa, da tsayuwarsa da motsin hannunsa. Minti goma a rana ya isa, da kofin ruwa a kusa. Da ka ji ƙaiƙayi a maƙogwaro, ka dakata sai gobe.