Yadda nake buga eriyar Wi-Fi da tawadar azurfa

Firinta ce farkon magana. Nemi mai fesa tawada da matsi, irin ta Epson ko Brother. Masu tafasa tawada kafin su fesa, kamar yawancin na HP da Canon, ni ba na zuba musu azurfa, gudun kada ta daskare a bakin ƙofofin fesawa. Kuma sabuwa fil nake so, wadda tawadar kala ba ta taɓa shiga ba.

Ita tawadar, ƙurar azurfa ce da ido ba ya gani, a cikin ruwa. A 2013 masu bincike daga jami'ar Tokiyo da Georgia Tech da Microsoft suka nuna cewa tawadar Mitsubishi tana barin wutar lantarki ta bi ta cikinta da zarar ta bushe a kan takardar hoto mai sheƙi, ba sai an gasa ba. Da ita nake ba ɗan koyo shawara ya fara.

Zanen ba wuya. A 2.4 GHz, inda Wi-Fi ke aiki, tsawon zango santimita 12.5 ne, rabinsa kake so: hannu biyu, kowanne wajen santimita 3, da 'yar tazara a tsakiya. Ka zaɓi bugu mafi inganci.

Inda ake faɗuwa shi ne kauri. A irin wannan zango wuta bisa fatar azurfar take gudu, zurfin da bai kai maikiromita 2 ba (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), bugu ɗaya kuwa sau da yawa ko 1 ba ya kaiwa. Shi ya sa nake maimaitawa sau biyu ko uku, sai na farko ya bushe. Ka daidaita takardar sosai wajen mayar da ita. In ta goce ko da kaɗan, layin zai fito da inuwa, mitar awon lantarki ta nuna maka wuta na wucewa, amma eriyar ba ta ja.

In a kan robar PET, irin wadda ake gorar ruwa da ita, ka buga da tawadar da ke son gashi, digiri 120 zuwa 150 na rabin awa ya isa. Na taɓa yin gaggawa na kai 180, robar ta nannaɗe kamar ganda. Wata irin roba da ake kira Kapton ce ke jure wannan zafin.

Kada ka kusanto da dalma, layin zai ɗaye. Gam mai azurfa ake liƙa waya da shi. Da hunturu kuwa, rufe firintar da ƙyalle, ka riƙa buga ɗan layi kullum don kada kanta ya toshe.