Canza Firosesa a Kwamfutar Gem: Abin da Za Ka Yi Kafin Ka Kwance Ko Noti Ɗaya

Yawancin masu kawo min kwamfuta su ce a ɗaura musu sabon firosesa, ba firosesan ne matsalarsu ba. Don haka ka fara gwadawa. Buɗe gem ɗin da ke yi maka tsaye-tsaye, ko GTA V ne ko Warzone, sannan ka leƙa Task Manager. In katin garafik ne ke aiki kusan ɗari bisa ɗari, firosesa kuma yana hutawa, to kuɗinka ya tafi wajen kati. In kuwa firosesan ne ya cika maƙil, katin yana zaman jiran sa, to kai nake yi wa wannan bayani.

Sai ka san madabod ɗinka. Sauke manhajar CPU-Z, kyauta ce, za ta nuna maka sunan bod da lambar BIOS ɗin da ke kai, wato ƙaramar manhajar cikin bod da ke tada kwamfuta kafin Windows ya hau. Rubuta su a takarda kafin ka nufi kasuwar Beirut Road ko Farm Centre a Kano, domin soket, wato mazaunin firosesa a jikin bod, shi ne ke yanke hukunci, ba daɗin bakin mai shago ba. A ɓangaren Intel, LGA1200 na ɗaukar zubi na 10 da na 11, LGA1700 kuma na 12 da 13 da 14. Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne LGA1151: ramin iri ɗaya ne, amma firosesan zubi na 8 da na 9 ba zai tashi a bod ɗin na 6 da na 7 ba. Masu AMD sun fi morewa. Soket ɗin AM4 ya fito tun 2016, kuma mai bod ɗin B450 da ke fama da Ryzen 5 2600 zai iya hawa Ryzen 5 5600 bai canza RAM ba. A ganina babu gyaran da ya kai wannan riba. AM5 kuwa sai da DDR5, wato sabon bod da sabon RAM gaba ɗaya. Masu Dell ko HP na ofis da aka sayo na hannu aka cusa wa kati, ku yi hattara sosai, BIOS ɗinsu ba kowane firosesa yake karɓa ba.

Shiga shafin kamfanin da ya ƙera bod ɗin, ka duba jerin firosesocin da yake ɗauka da lambar BIOS da kowanne ke buƙata. Nan ne aikin yake. Dole ka sabunta BIOS tun tsohon firosesan yana ciki, in ba haka ba za ka ɗaura sabo fanka ta yi ta juyawa allo ya tsaya baƙi. Zuba fayil ɗin a filashin da aka goge da FAT32, ka shiga BIOS ka nuna masa. Don Allah kada ka yi wannan a kan wutar gari tsagwaronta. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, bod ɗin na iya mutuwa. Haɗa da UPS ko inbata mai cikakken caji, kuma ka hana yara kusantar soket ɗin bango har ya gama. In Windows ɗinka na da BitLocker, wato tsarin da ke kulle bayanan diski, ka dakatar da shi ko ka adana mabuɗinsa tun yanzu.

Kafin ka kwance, bar kwamfutar ta yi aiki kamar minti goma don tsohon man da ke tsakanin firosesa da kula (na'urar sanyaya shi) ya yi laushi. Kashe, zare waya, danna maɓallin kunnawa sauran wutar ta fita. Lokacin hunturu, da iska ke bushewa har riga na ƙyasta wuta, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai a ciki, kuma kada ka yi aikin a kan kafet. Sassauta notinan kula kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sannan mai kallonta. Sai ka murɗa kular hagu da dama a hankali kafin ka ɗaga. A AM4 in ka fizge ta kai tsaye, takan fito da firosesan manne a gindinta, ƙafafunsa su lanƙwashe.

Ɗaga ɗan ƙarfen da ke gefen soket, cire tsohon ta gefe-gefe. A kusurwa ɗaya ta sabon akwai ƙaramar alama mai kusurwa uku mai ruwan gwal, akwai irinta a soket. Daidaita su ka sake shi, da kansa zai zauna. In bai zauna ba, ɗaga ka sake dubawa, ba a dannawa. A Intel da AM5 ƙafafun a jikin bod suke, sirara ƙwarai, ko yatsa kada ya shiga wurin.

Goge gindin kula da sifirit da ƙyalle mai tsabta. Tunda ta fito, ka busa ƙurar da ta toshe haƙoranta, don ƙurar Kano ba ta raga wa kowa. Ɗiga sabon mai a tsakiyar firosesa, kamar ƙwayar wake, kular ce za ta baza shi. Ɗaure notinan yadda ka kwance su, ka mayar da wayar fanka inda aka rubuta CPU_FAN.

Kunnawar farko takan ɗan jima, wani lokaci ta mutu ta sake tashi, kada hankalinka ya tashi. Bod ɗin AMD na iya tambayarka game da fTPM, wato ma'ajiyar mabuɗan tsaro da ke cikin firosesa. In ka riga ka shirya BitLocker, danna Y. Koma BIOS ka kunna XMP ko DOCP, wato saitin da ke ba RAM cikakken gudunsa, domin sabuntawa kan mayar da RAM ƙaramin gudu.

Daga nan sai ka sa ido kan zafi da manhajar HWMonitor kana gem. Iyakar Ryzen 5 5600 digiri 90 ce, haka ma ta Ryzen 7 5800X3D, sai dai shi 5800X3D ɗin ba ya zuwa da kula a kwali. Kular da ta wadatar a Disamba ba lallai ta ɗauki Afrilu ba, lokacin da zafin gari ke haura 40. In kana ganin 85 zuwa sama a ɗaki mai fanka, ƙara kuɗi ka sayi babbar kula mai tsayi, amma ka auna faɗin akwatinka tukuna don murfin ya rufu.