Yadda ake kiwon ƙaramin zanzaro don rage ƙudan mangwaro a lambu

Duk mai sayen kwandon mangwaro ko gwaba a kasuwar Mil 12 da ke Legas ya san ɗan baƙin ɗigon nan da ke jikin ɓawo. Wurin harbin ƙuda ne. Macen ta soka ƙwai, cikin kwana ɗaya ko biyu ya ƙyanƙyashe, tsutsar ta yi kamar mako guda zuwa kwana goma tana cin ciki, sannan ta faɗa ƙasa ta ƙudundune cikin ɓawonta. Bayan kwana goma sabon ƙuda ya fito.

Mafi ɓarna a cikinsu shi ne Bactrocera dorsalis, baƙo daga Asiya. An fara ganinsa a Kenya a 2003, kafin a ankara ya iso Afirka ta Yamma, ya danne ƙudan gida, wato Ceratitis cosyra. Yana son ɗumi da laima, ga shi Legas ba ta rasa ko ɗaya.

Maƙiyinsa wani zanzaro ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba ya harbin mutum. Macen tana zuba ƙwanta a cikin ƙwai ko tsutsar ƙuda, ɗanta ya cinye mai masauki, sai zanzaro ya fito maimakon ƙuda. Na gida akwai Fopius caudatus da Psyttalia cosyrae, da kuma Dirhinus giffardii mai bin waɗanda suka riga suka shiga ƙasa. Amma a faɗi gaskiya: na gida sun fi iya ƙudan gida. Jikin tsutsar baƙon ƙuda yakan lulluɓe ƙwan Psyttalia ya kashe shi. Shi ya sa cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi ta kawo wani zanzaro, Fopius arisanus, daga Hawai zuwa Kenya. Don haka kada a ɗora wa zanzaro dukkan kaya.

Babban kuskure a lambu shi ne barin ruɓaɓɓu a gindin bishiya. Masu ƙoƙari kuma su binne ko su ƙone, wanda ya fi barinsu a ƙasa, sai dai an haɗa da zanzaron da ke ciki. Abin yi shi ne a kulle ƙudan, a bar wa zanzaro ƙofa.

A samu durom na roba mai cin lita 200. A yanke gindinsa a nutsa shi cikin ƙasa kamar tsawon taƙi ɗaya, a danne gefe sosai. A murfin a yanke taga mai faɗin santimita 30, a rufe ta da raga mai ido kimanin milimita ɗaya da rabi, a liƙe bakin ragar kada a bar ko kafar allura. Dabarar duk tana kan idon ragar nan. In ya yi faɗi, durom ya zama masana'antar ƙuda. In ya matse, zanzaro ya mutu a ciki. A gwada tukuna: a sa harbabbun mangwaro biyu a bokiti mai ɗan yashi, a ɗaure ragar a baki, a sa bokitin cikin farin buhu. Bayan mako uku, in an ga ƙuda mai ratsin rawaya a cikin buhun, raga ba ta yi ba.

Kada a kuskura a yanko gidan sauron da ake rabawa a asibiti. Yana da magani a jiki, zanzaro na taɓa shi ya mutu. Ragar taga marar magani ake nema.

A ajiye durom a inuwa, a tudu. Rana tana dafa abin da ke ciki, ruwan watan Yuni kuma yana nutsar da shi, saboda haka a ɗora masa rumfar kwano, a bar tazara tsakaninta da raga. A tsince 'ya'yan da suka faɗi aƙalla sau biyu a mako, kullum ma ya fi, domin wanda ya daɗe a ƙasa tsutsa ta riga ta fice. A zuba da sassafe lokacin da ƙudan ba su da kuzari, a rufe nan take. Bayan kowane zubi a yayyafa busasshen ganye ko garin katako don tsotse ruwa da rage wari. In durom ya kai rabi a daina, a bar shi wata guda a rufe, a koma durom na biyu. Abin da ya rage taki ne.

Feshin maganin ƙwari a kan bishiya gaba ɗaya shi ke rushe aikin, don zanzaro ya fi ƙuda saurin mutuwa, tsutsa kuwa tana ɓoye. A maimakonsa a rataye tarkon gora mai sinadarin metil yujinol, wanda ke jawo mazan baƙon ƙuda amma ba ya taɓa zanzaro, sannan a ɗiga abincin tarko mai jawo ƙuda ya kashe shi, irin GF-120, a ɗan ɓangaren ganye sau ɗaya a mako, a sake bayan ruwan sama. A bar ciyayi masu fure a gefen lambu, da ruwansu zanzaro ke rayuwa. Jajayen tururuwar nan masu ɗinke ganye su yi sheƙa, duk da cizonsu, su ma suna korar ƙuda, kada a ƙone su.

'Yan kura da masu tebur a Agege da Mil 12 su ma suna da hannu, domin bolar kasuwa makiyayar ƙuda ce. Inda babu wurin durom, a ƙulle ruɓaɓɓun cikin baƙar leda mai kauri, a bar ta a rana kwana uku zuwa biyar kafin a zubar.