Yadda Za a Gano Matsalar DNS a Kwamfutar Gida

Idan shafin intanet ya buɗe yanzu, an jima kuma ya ƙi, alhali alamar Wi-Fi tana nan cike, sau da yawa laifin na DNS ne, wato tsarin da ke nemo lambar adireshin shafi daga sunansa.

A yi gwaji a daidai lokacin da matsalar ta taso, domin da zarar ta lafa ba za a ga komai ba. A buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni a Windows, a rubuta ping 8.8.8.8, umarnin da ke gwada ko kwamfutar tana isa intanet. Idan amsa ta dawo, sai a rubuta nslookup google.com, wanda ke gwada neman adireshin, kuma idan wannan ya gaza, to layin lafiya lau yake, neman adireshin ne ya tsaya.

Daga nan a rubuta ipconfig /flushdns domin a share tsofaffin adireshin da kwamfutar ta adana, sannan a kashe rauta, wato na'urar da ke rarraba Wi-Fi, a sake kunna ta. Idan abin ya ci gaba, a shiga saitin IPv4, wato sashen adireshi a saitin intanet na kwamfutar, a sa 1.1.1.1 na kamfanin Cloudflare a gurbin DNS na farko, 8.8.8.8 na Google a na biyu. Mai amfani da VPN, wato shirin da ke ɓoye hanyar da ake bi a intanet, ya kashe shi kafin gwajin, don yakan karkatar da DNS zuwa tasa hanyar.