Kaɗi a cikin takaba: yadda na yi, da yadda za ki fara

Wata huɗu da kwana goma ne takaba, kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 234. A baki kamar ba yawa. Amma da aka yi sadakar bakwai, 'yan gaisuwa suka watse aka naɗe tabarmi, sai yini ɗaya ya koma mini shekara. Maigidana hatsarin mota ya yi a hanyar Funtuwa, ni aka kai na gane gawar, kuma abin da na gani ranar shi ke tashina ƙarfe biyun dare. Duk wanda ya shigo "sai haƙuri" yake cewa, gaskiya ce kuwa. Amma ba wanda ya gaya mini abin da zan yi da hannuwana.

Ƙanwar kakata ce ta zo daga wani ƙauye kusa da Malumfashi, da ƙullin auduga da mazarin da marigayiya kakata ta bari. Ta dire su gabana ta ce, "Kishiya, tashi zaune. Kuka ba ya hana kaɗi."

To 'yar uwa, in kina cikin irin wannan hali, fara da neman tsohuwa, kayan aiki su biyo baya. Ko kin ga ana yi a waya, ba ki da mai buge miki hannu in kin ja da ƙarfi. Ki samu wadda ta taɓa yi, a dangin uwa in da hali. Auduga kuwa ki nemi mai 'ya'ya, bayan kaka ta fi samuwa a kasuwannin yankin Funtuwa da Gusau. Cikin ƙwarya ɗaya zai kai ki makonni.

Aikin farko gurza. Ki ɗora auduga kaɗan a kan dutse mai santsi, ki murza magurji, wato ɗan sandan ƙarfe, a kanta da tafin hannu biyu, angurya ta riƙa fita ta gaba. Wannan ya fi dacewa da ranakun da zuciya ke tafasa, don yana son ƙarfi. Sai shiɓa da ɗan baka: kina fizgar tsirkiya, audugar na tashi tana laushi, ki naɗe ta. Ki ɗaura kallabi a hanci, ni har atishawa ta sa ni dariyar farko tun bayan rasuwar.

Kaɗin kansa shi ne mai wuya. Audugar a hannun hagu, mazari a dama, gindinsa cikin ɗan ƙoƙo don kada ya yi ta yawo. Ki shafa alli a yatsu, ki murza kan mazarin, yana juyawa kina ɗaga hagu a hankali zare na fitowa. In ya kai tsawon hannu ki tsaya ki naɗe shi sama da gululu, wato ɗan dunƙulen da ke gindin mazarin. Zai tsinke. Ranar farko nawa ya tsinke ya fi sau ashirin, na wurgar da mazarin har gululun ya ɗan ɓantare. Tsohuwar ba ta ce uffan ba, ta ɗauko, ta haɗa bakin zaren da audugar, ta murza, ya kama kamar bai taɓa rabuwa ba. Kada ki nemi siriri tun yanzu. Abawa mai kauri, mai ƙulle-ƙulle, ita ce ta mai koyo.

Abin da na lura, hankali ba ya iya riƙe zare ya kuma riƙe hanyar Funtuwa lokaci guda. Da tunani ya tafi, zare zai faɗa miki. Shi ya sa nake cewa ki ware masa lokacin da abin ya fi damunki. Ni tsakanin la'asar da magariba ne, lokacin da maigidana ya saba dawowa.

Kina kaɗi ki riƙa tambaya. Wa ya koya wa Kaka? Ita kuma uwarta 'yar wace ce? Maza muke ƙirgawa in ana asali, mata kuwa sai a bakin tsofaffi. A nan na ji cewa kakata ta binne 'ya'ya uku a shekarar ƙyanda, da kuɗin zare ta riƙe sauran. Shekara talatin ina tare da ita ban taɓa ji ba.

Kuma ki ci abinci. Ni tuwo ya ƙi shiga, sai tsohuwar ta sa ni kirɓa fura irin ta gidanmu: gero surfaffe, citta, kanumfari, masoro, barkono kaɗan. A dunƙula, a jefa cikin tafasasshen ruwa, in ta dahu a mayar turmi. Ƙamshin da ya taso daga turmin ɗakin Kaka ne sak. Na yi kuka sosai, sannan na sha ludayi huɗu.

Wani abu guda: mazari ba likita ba ne. In makonni sun wuce ba barci, ko kina jin gara ki bi maigidanki lahira, ki gaya wa wani a ranar, a kai ki asibiti. Akwai na ƙwaƙwalwa a Barnawa Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Dawanau a Kano. Zuwa can ba hauka ba ne, ni ma na ga likita.

Ranar da na fita takaba ina da dunƙule tara na abawa. Na kai wa wani masaƙi, ya juya su ya ce zaren bai da kyau, amma zai yi ɗan mayafin goyo. Yana cikin akwatina tare da mazarin, da takardar da na rubuta sunayen iyaye mata biyar. Ta shida tsohuwar ta ce za ta tuno.