Yadda za ka riƙe hankalin yara a darasin angile

Malamai ƴan uwana masu koyar da angile a kwalej da lisse na Damagaram, da ku nake. Yaronmu yana shigowa sizyam, ajin farko na kwalej, da Hausa a bakinshi, faransancin firamare bai gama zama ba, sai a ce mishi ga wani yare kuma. Ga kilas cike maƙil, yara uku huɗu a banci ɗaya, littafi sai wanda Allah ya ba. In ka shigo ka juya musu baya kana cika tablo har awa ta ƙare, wallahi kwafa za su yi a kaye su rufe, ba wanda zai buɗe baki. Ni a ganina darasin da malam ya fi yara magana a cikinshi ya lalace tun daga farko.

Fara da nuna musu inda yaren zai yi musu amfani, kuma ba sai ka je Ingila ko Amurka ba. Kano ga ta nan, motoci kullum suna bi ta Matamaye da Magarya, da yawansu suna da baba ko yaya mai sayo kaya a Kantin Kwari ko Sabon Gari. Takardar da ke cikin kwalin maganin da aka shigo da shi daga Najeriya da angile take, haka rabin abin da ke cikin salula. Ka ce kowa ya kawo kwalin wani abu daga gida mai rubutun angile, na sabulu ko biskit ko madara, a karanta tare a nemo ranar da zai lalace da garin da aka yi shi. Yaron da ya karanta kwalin maganin kakarshi ya gane, gobe da kanshi zai zo da wani.

Abin da ya fi ci a wajena shi ne kasuwa. Ka mai da kilas Kasuwar Dole ranar Alhamis, layi ɗaya masu saida kaya, layi ɗaya masu saye. Jumla uku kawai za ka rubuta a tablo, ta tambayar kuɗi, ta cewa ya yi tsada, ta neman ragi, shikenan ka aje alli. Kayan kuwa bik ne da kaye da takalmi da duk abin da ke hannu, kuɗi kuma guntayen takarda da aka rubuta 100, 250, 500. Yaranmu sun iya ciniki tun suna tallar goro da ƙosai, to abin da suka iya ne ka ɗora yaren a kai, lissafi da angile zai shiga ba tare da an yi haddar one two three kamar karatun allo ba. Za a yi hayaniya kam, don haka ka sanar da malamin da ke kilas ɗin kusa tun kafin lokaci, kuma ka sa alama ɗaya ta tsayawa, tafi biyu misali, ka koya musu ita tun ranar farko. Minti 10 ya isa, in ya wuce haka za su koma Hausa, sai ka sauya, masu saye su zama masu saidawa. Wani mako a yi tasha da ɗan kabu-kabu, wani mako asibiti, wani mako baƙo ya sauka yana neman hanyar fadar Sarkin Damagaram daga Zango.

Sai maganar gyara, nan ne muke kashe yara da yawa. Yaro ya daure ya miƙe, ya sa f a wurin p ko ya karanta kalma da lafazin faransanci, kilas ta fashe da dariya, malam ma ya yi murmushi, to ka rasa shi har ƙarshen shekara. Bari ya gama maganarshi tukuna. Ka maimaita jumlar daidai kamar kana amsa mishi, ka ce madalla, ka wuce. Kuskuren da ka ji ya yi yawa ka riƙe shi zuwa ƙarshen awa ka sa a tablo ba suna, duka kilas a gyara tare. Dariya ga wanda ya yi kuskure kuwa ka hana ta da gaske. Kuma don Allah a daina tambayar masu ɗaga hannu su kaɗai, yara biyar ne na gaba kullum. Ƴan mata da yawa sun san amsa, kunya ce, ka bari su fara faɗa wa ta kusa da su a hankali sannan ka kira suna.

In kana da salula da ƴar karamar sifika, ka yi caji tun dare saboda kuran, wato wutar lantarki, ba shi da tabbas, ka sa musu murya ta minti ɗaya sau uku, tambaya ɗaya tak kafin kowane saurare. Kunnensu na buƙatar jin wata murya bayan taka.

Lokacin zafi, Afrilu da Mayu, awar ƙarshe kafin a tashi ba ta sabon nahawu ba ce, kai ma ka sani. Ka ajiye mata gasa tsakanin layuka, maki a gefen tablo, kowa ya fito ya rubuta kalma ya miƙa alli.

Ƴan turwazyam kuma hankalinsu na kan BEPC, jarrabawar gama kwalej, kar ka yi faɗa da wannan. Ka kawo tsofaffin takardun jarrabawa, amma a gurup na huɗu huɗu, mai ƙarfi ɗaya a kowane gurup, kuma wanda zai tashi ya ba da amsar gurup kai za ka zaɓe shi bayan sun gama, don kowa ya zauna da shiri.